Hatimi da Matsayinsa a Tsarin Sarautar Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Kalmar hatimi an aro ta ne daga Larabci, wato khatam. Tana nufin ɗan ƙarfe ko zobe da aka zana wa suna, wanda akan shafa wa tawada a danna a kan takarda domin tabbatar da wanda ya aiko ta. Malaman tsibbu ma suna kiran zanen gidajen da sukan yi a cikin laya da wannan suna, sai dai wannan darasi ya taƙaita ne ga hatimin mulki.

Asalin Hatimi

Amfani da hatimi daɗaɗɗiyar al'ada ce a duniya. A ƙasar Sin, sarki Cin Shi Huwang, wanda ya haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya sa an sassaƙa masa hatimi da dutse mai daraja. Sarakunan da suka biyo baya sun ɗauki mallakarsa a matsayin hujjar halaccin mulki. Har yau Sinawa suna buga hatimi da jar tawada a takardun hukuma da na ciniki.

Hausawa kuwa ta hanyar Musulunci suka san shi. Lokacin da Annabi Muhammadu (SAW) ya yi niyyar aika wa sarakunan Rum da Farisa wasiƙu, an shaida masa cewa ba su karɓar takarda marar hatimi, don haka aka ƙera masa zoben azurfa. Halifofi sun ci gaba da amfani da zoben har ya faɗa rijiyar Aris a zamanin Sayyidina Usmanu.

Hatimi a Daular Sakkwato

Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, wasiƙar Larabci ta zama igiyar da ta ɗaure Sakkwato da masarautunta, ciki har da Kazaure wadda Ɗantunku ya kafa. Manzo yakan kwashe kwanaki a kan doki kafin ya isar da saƙo, kuma magatakarda ne yake rubutawa, ba sarki ba. Saboda haka, hatimin da ke ɗauke da sunan sarki shi ne shaidar cewa maganar tasa ce. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sun sami tarin irin waɗannan wasiƙu a gidan Waziri Buhari, waɗanda H.F. Backwell ya wallafa fassararsu a 1927.

Muhimmancinsa a Yau

Hatimin roba ya maye gurbin na ƙarfe, amma aikin bai sauya ba. Manomi a Kanya Babba, cikin ƙaramar hukumar Ɓaɓura, idan ya sayi gona yakan nemi dagaci ko hakimi ya buga wa takardar hatimi, domin ranar da shaidu suka ƙaura ko suka rasu, takardar ce za ta yi magana a gaban alƙali. Wannan ya sa hatimi ya zama amana. Wanda ya buga shi a kan abin da bai bincika ba, yana iya raba marayu da gadonsu.

Kammalawa

Darajar hatimi ta dogara ne ga gaskiyar mai shi. Idan aka san shugaba da riƙon amana, takardarsa takan kashe rigima tun ba a je kotu ba.

Jinga

1. Bayyana ma'anoni biyu na kalmar hatimi.
2. Me ya sa wasiƙun Daular Sakkwato suka bukaci hatimi?
3. Kwatanta matsayin hatimi a ƙasar Sin da na ƙasar Hausa.