Biyan bashi ba shaidar fita daga talauci ba ne

Mu da ke aikin ba da ƙananan rance mun daɗe muna tallata shi a matsayin maganin talauci, kuma ya kamata mu sassauta murya. Rance yana ƙara wa sana'ar da ta riga ta kafu ƙarfi. Wanda bai san inda abincin darensa zai fito ba kuwa, in ka ɗora masa bashi, kaya ka ƙara masa.

Asalin labarin ma haka ya nuna. A 1976 Muhammad Yunus, malamin tattalin arziki a Jami'ar Chittagong ta Bangladesh, ya ranta wa mutum 42 na ƙauyen Jobra dala 27 gaba ɗayansu. Daga nan bankin Grameen ya samo asali a 1983, har Yunus da bankin suka karɓi kyautar Nobel a 2006. Abin da ake mantawa shi ne, mutanen nan da sana'arsu a hannu. Akwai masu yin kujerun gora waɗanda kuɗin sayen gorar kawai suka rasa, shi ya sa mai ranta musu yake karɓe kayan a farashin da ya ga dama. Da aka baza tsarin a duniya, sai aka riƙa bai wa mai sana'a da marar sana'a. Bincike shida da aka wallafa a 2015, daga Indiya da Habasha da Maroko da Meziko da Mongoliya da Bosniya, sun nuna cewa wasu sun faɗaɗa kasuwancinsu, amma a jimlace kuɗin shigar gidaje bai ɗaga yadda aka yi ta alkawari ba. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya abin ya fi haka muni: mata suka riƙa cin bashi daga wurare da dama, masu karɓar bashin suka matsa, aka samu rahotannin kashe kai, har gwamnatin jihar ta kafa doka a 2010 ta taka wa kamfanonin ba da rancen burki.

Abokan aiki za su ce, ai kusan kowa yana biya, da babu amfani da ba a dawo ba. Yawan biya lafiyar banki yake nunawa, ba ya faɗin yadda aka samo kuɗin. Matar da ta sayar da akuyarta don kada ta ji kunya a gaban 'yan ƙungiyar da suke karɓar rance tare, a littafinmu tana cikin masu biya a kan kari. Ga kuma lissafin da ba kasafai muke warware wa mutane ba. A ce an ba ka naira 100,000 na wata shida, ruwa kashi 5 cikin ɗari a wata bisa uwar kuɗin, za ka biya 30,000 a kai. Amma tun makon farko kake mayarwa, don haka in aka daidaita, kusan rabin kuɗin ne kawai ya zauna a hannunka, ainihin tsadar ta kusa ninki ke nan. Mai ƙosai da jarinta ke juyawa kullum tana iya jurewa. Manomin da sai bayan wata huɗu zai girbe, da me zai yi zubin mako? Ban ma taɓo waɗanda ke gudun kuɗin ruwa saboda addini ba, kuma suna da yawa.

To, a daina ke nan? A'a, a san wa ake bai wa. Ƙungiyar BRAC, a Bangladesh ɗin dai, ta gane cewa rancenta ba ya kaiwa ga mafi talauci, sai ta fara wani shiri a 2002: a ba mace saniya ko awaki kyauta, da horo, da ɗan kuɗin abinci, na kimanin shekara biyu. An gwada irinsa a ƙasashe shida, ciki har da Gana da Habasha, kuma a mafi yawansu amfanin ya ɗore bayan an janye tallafin. Tsada gare shi, gaskiya ne, kuma banki ba zai iya shi da kuɗin masu ajiya ba, aikin gwamnati ne da masu ba da agaji. Wata hanyar kuma, mafi kusa da mu, ita ce Mata Masu Dubara, wadda CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991 bisa tubalin adashi. Mata suna zubi kowane mako, su ranta wa junansu daga asusun, in zagaye ya cika su raba uwa da riba. Wadda ta shekara tana zubi ba fashi ta nuna abin da za ta iya ɗauka, kuma daga irinta ya kamata jami'in rance ya fara.