Yadda Ake Zaɓar Kajin Iri Daga Cikin Kajin Gida

A yawancin gidajen da ake kiwon kajin gida a ƙasar Hausa, idan salla ta ƙarato ko wata buƙata ta taso, zakaran da ya fi girma shi ake kamawa a kai kasuwa, domin shi ne mai kuɗi. Wanda ya rage a tsakar gida, ƙanƙane mai tsukakken ƙirji wanda mai saye ba zai taya ba, shi ke zama uban 'yan tsakin baɗi. Idan aka shekara goma ana haka, to an yi zaɓen iri, amma a baibai, kuma daga nan ne ake cewa kajin gida ba sa girma. Manomin nan kuwa da ya sayar da zakaransa, shi ne a lokacin kaka yake ware zangarniyar gero mafi cika ya rataye, komai yunwa ba ya taɓa ta, saboda iri ce. Abin da kajin gida suke buƙata ke nan: a ware na iri tun suna ƙanana, da hannu da sikeli, kafin a yi maganar sayarwa ko yanka.

Kajin sun cancanci wannan wahala. Kazar gida tana kwanci, ta ƙyanƙyashe, ta yi renon 'ya'yanta, ta nemi yawancin abincinta a bola da gindin danga, ta jure zafin bazara. Masu tsiraicin wuya ma sun fi jure zafi saboda ƙarancin gashi. Farfesa Olufunmilayo Adebambo da abokan aikinta a jami'ar aikin gona ta Abeokuta daga kajin gida suka fara, har suka samar da irin da ake kira FUNAAB Alpha. A Amurka kuwa, ƙungiyar Livestock Conservancy, mai kula da tsofaffin irin dabbobi, ta ɗauki wani tsohon irin kaza mai suna Buckeye da ya tsumbure saboda sakaci, ta maido masa da nauyinsa cikin 'yan shekaru ba tare da an gauraya shi da wani iri ba. Ƙyanƙyasa da yawa aka yi, aka auna, aka taɓa, aka ajiye kaɗan mafi kyau.

Aikin yana farawa daga ƙwai. Ba ƙwan kowace kaza ake zubawa a kwanci ba, sai na wadda aka san ta: tana yin ƙwai da yawa kafin ta kwanta, ba ta tashi daga kan ƙwai ta bar shi ya huce, kuma 'ya'yanta suna rayuwa. A zaɓi matsakaicin ƙwai mai kauri da santsin ɓawo, wanda bai wuce mako guda da yi ba, a ajiye shi a inuwa mai sanyi. Kaza ɗaya ƙwai 10 zuwa 12 ya ishe ta. Dabarar da ta fi muhimmanci a nan ita ce a sa kaji uku kwanci a lokaci guda, domin bayan kwana 21 a sami tsaki 30 ko kusa da haka waɗanda suke sa'o'in juna. Wanda yake da tsaki biyar ba shi da abin zaɓe, kuma ba a gwada ɗan wata biyu da ɗan wata uku. Ranar ƙyanƙyasa a duba su ɗaya bayan ɗaya. Mai karkataccen baki, mai lanƙwasassun yatsu, da wanda cibiyarsa ba ta rufe ba, duk an fitar da su daga lissafin iri. Sauran a ɗaura musu zare mai launi a ƙafa, kowace uwa da launinta, a riƙa sassauta shi yayin da ƙafar ke kauri.

Dubawa ta biyu a mako na 8 ake yin ta. A ɗora kowane tsako a kan ƙaramin sikeli, a rubuta nauyinsa, maza daban mata daban. A lura da wanda gashinsa ya fito ya rufe shi da wuri, da wanda ke riga 'yan uwansa zuwa wurin dusa, da wanda kullum yake rakuɓe da fukafukai a sake. Ba a yanke hukunci a nan, alama kawai ake sa wa rabin da suka yi gaba. Sharaɗin wannan awo shi ne duk abinci ɗaya suka ci, wuri ɗaya suka kwana, domin idan an fifita wasu da tsaki da gara, to abin da sikeli zai nuna fifikon ne, jinin kazar bai fito ba.

A mako na 16 ake babban hukunci, kuma a nan ne hannu ya fi ido. Gashi yana ruɗi ƙwarai: zakara mai dogon wutsiya da jan wuya mai ƙyalli yana iya zama ƙashi zalla a ciki. A kama shi da dare ko da asuba lokacin da yake natse, a tallafe ƙirjinsa a tafin hannu, ƙafafunsa a tsakanin yatsu. A fara da kai: ana son faffaɗan ƙoƙon kai, gajeren baki mai ƙarfi wanda sama da ƙasa suka haɗu daidai, ido a buɗe tar, hanci a bushe. Sai a ɗora hannu a gadon bayansa daga bayan fukafukai, a shafa zuwa wutsiya. Bayan kirki faffaɗa ne tun daga kafaɗa har ƙugu, ba ya tsukewa kamar tsinke. A zagaye jikin da hannu biyu daidai bayan fukafukai a ji kaurinsa, domin nan zuciya da huhu suke, kuma kazar da ta tsuke a nan ba ta yin ƙarko. Daga nan a bi ƙashin ƙirji da yatsa: ya zama dogo, miƙaƙƙe, da tsoka ta cika gefensa biyu. Idan ya karkace ko ya fito kamar bakin wuƙa, an ajiye wannan gefe. A ƙarshe a sauke shi ƙasa a ga tafiyarsa. Ƙafafu su tsaya a ware, ƙwauri mai kauri, gwiwoyi ba sa gogar juna. Launin gashi shi ne abu na ƙarshe da za a duba, sai an sami biyu da suka yi kunnen doki a komai.

Akwai iyaka ga neman nauyi. Kazar gida da ta yi nauyin da ba za ta iya hawa bishiya ko tsere wa shaho ba ta rasa abin da ya sa ake kiwonta. Wadda ake nema ita ce ta fi sa'o'inta cika, amma tana nan da zafin namanta.

Mata suna da ƙarin awo idan sun fara ƙwai, wajen wata shida zuwa bakwai. A gefen duburar kaza akwai ƙasusuwa biyu masu tsini. Kazar da ke ƙwai sosai, waɗannan ƙasusuwa sirara ne masu laushi, yatsu biyu ko uku suna shiga tsakaninsu, kuma tsakaninsu da ƙarshen ƙashin ƙirji akwai fili, ciki kuma da taushi. Wadda yatsa ɗaya ke shiga da ƙyar, zankonta ya bushe ya koɗe alhali sa'o'inta suna ƙwai, ta tukunya ce. Wani Ba'amurke mai suna Walter Hogan ya yaɗa wannan awo fiye da shekara 100 da suka wuce, kuma har yau masu kiwon tsofaffin iri da shi suke aiki. Tunda kajinmu ƙananan jiki gare su, da 'yar uwarta za a gwada kowace kaza. A mata ana iya ajiye rabi. A maza kuwa tsanani ake yi, domin zakara ɗaya yana isar kaji goma, kuma rabin jinin kowane tsako nasa ne. A ajiye biyu mafi kyau, na biyun saboda tsaro, sauran duk a sayar ko a yanka kafin su fara bin kaji.

Mai ƙaramin ƙarfi zai ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, babban zakara shi ke biyan kuɗin magani yau. Gaskiya ne, amma hasarar ba ta kai yadda ake zato ba. Cikin zakaru 15 biyu kawai aka hana shi sayarwa, kuma bambancin kuɗin na ɗaya da na uku kaɗan ne, sau ɗaya kuma za a yi rashinsa, alhali girman da uban kirki zai ba 'ya'yansa yana dawowa a kowace ƙyanƙyasa. Wani zai ce ai gara a sayo zakaran Noiler ko na gidan gona a sake shi cikin kaji. An daɗe ana gwada musayar zakarun gida da na waje a Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka, kuma abin bai ɗore ba. 'Ya'yan farko sukan yi girma, amma suna son abincin saye, yawancin matan ba sa kwanci, jikoki kuma sukan fito barkatai. Noiler da Shika Brown ta cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya kaji ne masu amfani ga wanda zai riƙa sayen tsaki da abinci. Wanda yake son kajin da za su haifi kansu a gidansa, hanyarsa daban ce.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na annoba: me ya yi amfanin zaɓe idan cutar Niyukasil za ta share akurki a hunturu? Babu irin kazar gida da ya fi ƙarfin wannan cuta, don haka rigakafi wani ɓangare ne na aikin. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana yin rigakafin I-2 mai jure zafi, wanda ake ɗigawa a ido, ana maimaitawa duk bayan wata uku zuwa huɗu. Kazar da aka sayo a kasuwa kuma a keɓe ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran.

Saura batun kusancin jini da zakaran maƙwabta, kuma maganinsu ɗaya ne. Idan zakara ya shekara biyu ko uku yana bin 'ya'yansa da jikokinsa, ƙyanƙyasa takan ragu, tsaki su yi rauni. Gidaje uku da suka amince da juna suna iya warware wannan: kowane gida ya riƙe matansa, zakaru su riƙa zagayawa. Zakaran da aka zaɓa a gida na farko ya tafi na biyu, na biyu ya tafi na uku, na uku ya koma na farko, kowace shekara ta wannan fuska ba a juyawa. Tunda kajin unguwa a sake suke, gwargwadon yawan maƙwabtan da suka yarda su fitar da ƙananan zakarunsu, gwargwadon saurin ganin canji. Inda hakan bai samu ba, a tsare kajin iri da zakaransu a killataccen wuri, a bar mako uku ya wuce domin abin da wani zakara ya bari a jikinsu ya ƙare, sannan a fara tara ƙwan kwanci.