Fim ɗin duhu: darasi ga mai kyamara marar kuɗi

Duk ɗalibin aikin jarida da aka ce ya haɗa gajeren fim, kukansa ɗaya ne: babu kuɗi. To, a zo a ga yadda wasu suka yi a Amurka tun kafin a haifi iyayenmu.

A 1946 wani mai sharhin finafinai a Faransa, Nino Frank, ya laƙaba wa wasu finafinan laifi na Amurka suna film noir, wato baƙin fim. Labarinsu kusan iri ɗaya ne: mutum ya yi kuskure ɗaya, duk ƙoƙarin gyara sai ya ƙara nutsewa. Mafi yawa da dare ake ɗauka, haske kaɗan, inuwa da yawa.

A nemi Detour na 1945, wanda Edgar G. Ulmer ya bada umarni a wani ƙaramin kamfani mai suna PRC. Bai kai minti 70 ba, kuma yana nan a YouTube. Wani makaɗin piyano ne ya nemi a rage masa hanya, mai motar ya mutu, shi kuwa don tsoron ’yan sanda ya ɗauki motar da sunan mamacin. Sai ya ɗauko wata mata, Vera, ashe ta san mai motar na ainihi. Ulmer ba shi da kuɗin gina titin New York, sai ya cika wurin da hazo. Mu kam hazon hunturu kyauta yake zuwa mana, daga Kankia har Kusada.

Gun Crazy na 1950 ya fi burge ni. An ɗauki fashin banki gaba ɗaya ba yanka, kyamara na kujerar bayan mota. Ba ka shiga bankin ba ma, amma gabanka sai faɗuwa yake. Waya ɗaya da motar haya sun isa wannan.

Wajen haske, ajiye tocila ɗaya a gefen fuskar ɗan wasa, ka bar ɗaya gefen a duhu. In ka haska shi daga gaba, hoton fasfo ka ɗauka.

Amma fa a kula. A halin tsaron da jiharmu ke ciki, bindigar roba a tasha da dare kasada ce ta rai. Kafin ku kunna kyamara, ku sanar da mai unguwa da ’yan sanda da ’yan sintiri, a rubuce, kuma ku riƙe katin makaranta a aljihu.