Ɗana Ba Shi da Cutar, Me Ya Haɗa Shi da Tarin Fuka?

Tambaya: Ni da maigidana muna shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki. An gwada ɗanmu ɗan shekara 2, ba ya ɗauke da ita. Amma nas ta ce in sa ido a kansa saboda tarin fuka. Mene ne dalili? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Nas ɗin nan ta so ki da alheri.

Tarin fuka a iska yake yawo. Mai ɗauke da cutar da ta dame ku ya fi sauran mutane saurin kamuwa da shi, ninkin ba ninkin, musamman idan yana wasa da magani. To idan ɗayanku ya kamu, ga yaro yana kwana ɗaki ɗaya da ku, taga a rufe saboda sanyi ko sauro, iskar da kuka fitar ita yake shaƙa har asuba. Garkuwar yaron da bai kai shekara 5 ba kuwa ba ta gama ƙwari ba, shi ya sa ciwon kan wuce huhu ya taɓa ƙwaƙwalwa. Rigakafin BCG, wanda ke barin ɗan tabo a dantse, yana rage wannan mummunan nau'in sosai, amma ba ya tare tarin fuka gaba ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne ciwon kan zo wa yara a ɓoye. Wani ma tarin kaɗan ne, sai zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya har mako 2, da rama, yaro ya daina ƙiriniya ya koma kwance. A gida sai a ce haƙori ne ko shawara, a yi ta jiƙe-jiƙe. Kada ki tsaya nan, ki kai shi asibiti. Ko bai iya fitar da majina ba, yanzu ana gwada bayan gidansa da na'urar GeneXpert, a kuma ɗauki hoton ƙirji.

Idan aka samu mai tarin a gidan, ke ko maigida ko kaka, a kai yaron ko da lafiyarsa lau. Akwai maganin kariya na wata 3 ko 6 da ake ba irinsa, kuma maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Ku ma ku tambayi likitanku naku na kariyar, ku riƙe maganinku kullum ba fashi, a kuma riƙa buɗe taga.