Hutu Ne Ko Izini? Nazari Kan Tafiyar Malamin Jami'a Ba Tare Da Albashi Ba

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, sau da yawa mukan ji an ce malam wane ya tafi hutu, alhali kuwa can inda yake aiki ya fi na nan yawa. A wannan ɗan rubutu zan duba kalmomin da Hausa take amfani da su wajen bayyana tafiyar malamin jami'a daga bakin aikinsa, musamman tafiyar da ba a biyan albashi a cikinta. Ra'ayina shi ne kalmar "hutu" ba ta dace da irin wannan tafiya ba, kuma sanin bambancin yana da amfani ga mai fassara da kuma ɗalibin da malaminsa ya tafi.

Kalmar hutu da rassanta

Sunan "hutu" ya fito ne daga aikatau "huta", wato mutum ya dakata da aiki don jikinsa ya sake. Da yake namiji ne, yakan ɗauki mahaɗin "-n" idan wani suna ya biyo shi: hutun shekara, hutun haihuwa, hutun rashin lafiya, hutun ƙaro ilimi. A harshena na Yarbanci ma kalma ɗaya ce, "isinmi", take ɗauke da ma'anar hutawar jiki da ta hutun makaranta.

Akwai kuma hutun sabatikal, wanda malami kan samu bayan ya yi shekara 6 yana koyarwa, sai ya yi ta 7 a wata jami'a ko cibiyar bincike, albashinsa na tafiya. Kalmar ta samo asali ne daga Ibrananci, kuma tushenta ɗaya da "as-sabt" ta Larabci wadda ta ba mu "Asabar". Jami'ar Harvard ta Amurka ce ta fara wannan tsari a 1880.

Wanda ba a biya

Duk waɗancan da na ambata akan biya albashi a cikinsu. Amma akwai tafiyar da malami kan nema da kansa: ya bar aji na wani lokaci, jami'a ta tsayar da albashinsa, amma kujerarsa tana nan tana jiransa. Yakan rubuta takarda ta hannun shugaban sashe har ta kai ga hukumar jami'a, kuma kowace jami'a da nata ƙa'idojin game da tsawon lokacin da sabunta shi.

Babban dalilin wannan tafiya shi ne kiran aikin gwamnati ko na wata hukuma. Misali, Farfesa Attahiru Jega ya shugabanci Jami'ar Bayero daga 2005 zuwa 2010, ya riƙe hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015, sannan ya koma jami'arsa. Don irin wannan kira ne aka tanadi hanyar da masani zai je ya yi wa ƙasa aiki ba tare da ya rasa gurbinsa ba.

To, yaya za mu faɗe shi da Hausa? Ga hanyoyi 3 da ake ji:

1. Hutu ba albashi.
2. Hutu maras albashi.
3. Izinin barin aiki na ɗan lokaci ba tare da albashi ba.

Na 1 ya fi sauƙi a baki, kuma gininsa irin na "aiki ba lada" ne. Na 2 ya fi dacewa da rubutu. Amma ni na 3 na fi so a takardar hukuma, ko da yake ya fi tsawo. Dalili kuwa, kalmar da Turanci yake amfani da ita a nan asalinta izini take nufi, ba hutawa ba. Wanda ya tafi ya zama kwamishina bai huta ba, izini kawai aka ba shi.

Kalmomin da ake rikitawa

Murabus shi ne mutum ya ajiye aiki gaba ɗaya, ba shi da sauran kujera. Dakatarwa hukunci ce, ba mutum ne yake nemanta ba. Ritaya kuwa shekaru ne suke kawo ta. Dokar 2012 ta sa ta farfesa a shekara 70. Sai kuma "ba aiki, ba biya", wadda muka ji a yajin aikin ASUU na wata 8, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba 2022, lokacin da gwamnati ta riƙe albashin malamai. A nan ma babu albashi, amma babu izini, babu yardar ɓangarorin biyu. Mai fassarar da ya kira wannan "hutu ba albashi" ya sauya labarin gaba ɗaya.

Abin da ya shafe mu

Malamin da ya tafi yana da tasa asarar. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin 100, mai ɗaukarsa aiki kashi 10, kuma daga albashi ake lissafa su. Idan albashin jami'a ya tsaya, wannan zubi ma ya tsaya daga wajenta.

Mu ɗalibai kuma tamu ta fi kusa. Rukunin Hausa a jami'o'in Kudu ba su da malamai da yawa. Tun da kujerar wanda ya tafi tasa ce, ba lalle ne a ɗauki wani a madadinsa ba, sai a raba darussansa ga waɗanda suka rage. Saboda haka idan mai duba kundinka na kammala digiri zai tafi, ka tambaye shi cikin ladabi: "Malam, wane iri ne, kuma har zuwa yaushe?" Idan izini ne maras albashi, ka je wurin shugaban sashe tun da wuri a haɗa ka da wani malamin, domin ana iya sabunta izinin.

Aikin gwaji

Ka gina jimla ɗaya da kowace daga cikin waɗannan: murabus, dakatarwa, sabatikal, izinin barin aiki. Sannan ka nuna wace ce a cikinsu mutum yake nema da kansa, wace ce kuma ake ɗora masa.