Kada Ki Ce Shagwaɓa Ce

Darasinmu na yau a kan 'ya'yanmu ne da suka fara tasawa, da wani ciwo da ba ya zuwa da zazzaɓi balle a gan shi a jiki.

Ina da wata ɗaliba 'yar shekara 15 wadda ba a taɓa bin ta bashin hadda ba. Kwatsam sai ta koma ko aya uku ba ta iya kawowa, kullum tana ƙuryar aji ta haɗa kai da gwiwa. Da na tuntuɓi mahaifiyarta sai ta ce, "Malama rabu da ita, shagwaɓa ce." Kakarta kuwa cewa ta yi iska ce. Aka yi wata huɗu ana hayaƙi. Sai da aka ga kwalbar maganin ƙwari a ƙarƙashin katifarta sannan aka garzaya asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne. Alhamdu lillahi, yanzu ta dawo karatunta.

Uwargida, wannan fa ba baƙon abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin kowane yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan cututtuka kan fara ne kafin a wuce shekara 18.

To ta yaya za ki gane? Ki lura in yaro ya yi mako 2 ko fiye cikin ƙunci, ya daina abin da yake so, barcinsa ko cin abincinsa ya sauya, karatu ya ja baya, ko ya zama mai saurin fushi. Haka in yana magana shi kaɗai, ko ya fara shan taramol da kodin. In kuwa kika ji yana cewa gara ya mutu ya huta, kada a kwana ba a kai shi asibiti ba.

Me za ki yi? Na farko, ki ja shi ɗaki ku biyu, ki saurare shi ba faɗa ba gori. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin, sauƙi take kawo masa. Ki kawar da guba da magunguna daga inda hannunsa zai kai.

Na biyu, ki sanar da maigida cikin hikima, ku kai shi ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano. In an ba shi magani a jure, domin yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma ba a tsayar da shi sai da izinin likita.

Na uku, a guji mari da duka. A 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, wasunsu cikin sarƙa. Sarƙa ba ta warkar da kowa.

'Yar'uwa, addu'a da ruƙya ta shari'a ba sa hana zuwa asibiti, kamar yadda ba sa hana mai ciwon suga ganin likita. Kuma kada tsoron "wa zai aure ta in aka ji?" ya sa ki rufe 'yarki a ɗaki, sai da rai ake aure. 'Ya'yan nan amana ce da za a tambaye mu a kanta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shirya mana zuri'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.