Zaure, Dakali da Dandali: Yadda Tsarin Gini Ke Riƙe Zumunci

Idan mutum ya tashi gina gida a yau, abin da ke hana shi barci bai wuce kuɗin fili da bulo da siminti da kwano ba. Da wuya ka ji ya tambayi mai zanen gini inda maƙwabcinsa zai zauna in ya zo gaishe shi, ko inda za a shimfiɗa tabarmi ranar suna. Sai an tare, sha'ani ya taso, sannan a tuna, a aika a yi hayar rumfa da kujerun roba a toshe titi. Kakanninmu kuwa da wannan tambaya suke fara gini. Manufar wannan 'yar takarda ita ce jawo hankalin jama'a su gane cewa yadda aka tsara gida da unguwa yana da hannu a ƙarfin zumunci ko mutuwarsa, kuma ilimin yin hakan yana nan a garuruwanmu tun da daɗewa.

Daga bakin titi zuwa tsakar gida

Mu ɗauki gidan cikin birni, irin wanda har gobe ake gani a Kano da Zariya da Katsina da Damagaram. Abin da za ka fara tararwa shi ne dakali a jikin bango, dama ko hagu da ƙofa. Sai zaure, wanda Kanawa ke kira soro. In ka wuce shi sai farfajiya, inda ɗakin samari da na baƙi suke, da turken doki a gidan masu hali. Daga nan sai shigifa, sannan cikin gida, wurin mata da ƙananan yara. Ƙofofin nan ba sa kallon juna. Da gangan magina suke karkata su, don kada idon wanda ke tsaye a waje ya kai tsakar gida.

Kowane mataki da wanda ya kamata ya tsaya a wurin. Wanda ba a sani ba ya tsaya a bakin zaure ya samu yaro ya ce, "Shiga ka ce ana sallama da maigida." Aboki ya shiga zaure ya zauna. Ɗan'uwa na jini ya wuce har ciki. Ta haka gida guda ya rufa wa iyali asiri, ya kuma bar wani sashensa a buɗe ga duk unguwa.

To, dubi aikin da zaure ɗaya yake yi daga safe zuwa dare. Da asuba yara sun jeru da allunansu gaban malam. Da hantsi maɗinki ya ja kekensa bakin ƙofa inda haske yake, mai ɗinkin hula ya miƙe ƙafa kusa da shi, mai wucewa ya tsaya a gaisa a ji labarin kasuwa. La'asar na yi, inuwa ta sauko, dattawa su hau dakali. Bayan magariba sai ciyayya: kowane gida a fito da kwanon tuwo, a taru a ƙofar gidan babba a cikinsu. A nan ne magidancin da ba a ɗora tukunya a gidansa ba zai wanke hannu ya sa a kwano tare da kowa, ba wanda zai gane halin da yake ciki, in ma an gane ba mai nunawa. Wanda aka kwana biyu ba a gani ba, wani zai ce, "Ina Malam wane, lafiya kuwa?" Nan take a tura yaro ya dubo. In indararon wani yana zuba a jikin katangar wani, a nan za a kashe maganar tun ba ta kai gaban mai unguwa ba, balle alƙali. Baƙon da dare ya yi wa, a zaure ake shimfiɗa masa. Ɗaurin aure da raɗin suna da zaman makoki duk a nan ne.

Kada mai karatu ya ce ai wannan halin mutanen dā ne kawai. Halin kirki yana bukatar wurin da zai zauna. Dattijon da ke tsawata wa ɗan maƙwabci in ya gan shi yana abin da bai dace ba, ya gan shi ne saboda akwai dakalin da yake zama yana kallon lungu.

Gari ma da nasa tsari

Yadda gida yake da zaure, haka gari yake da dandali. A tsofaffin biranenmu fada da masallacin Juma'a da filin da ke gabansu kusa da juna suke, kasuwa kuma ba ta nisa. A Kano, Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina gidan sarautar da ake kira Gidan Rumfa, a zamaninsa kuma aka kafa Kasuwar Kurmi. Sunayen unguwanni kansu suna nuna yadda birnin ya ba kowa mazauni: Soron Ɗinki da Dukawa na masu sana'a, Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Ayagi na baƙin da suka zo fatauci suka zama 'yan gari. Lungunan da wasu ke raina wa ƙunci, ƙuncin nan ne ke sa katanga ta yi wa katanga inuwa, mai tafiya a ƙasa ya ratsa unguwa da tsakar rana bai ƙone ba.

Aikin da ba ya yiwuwa ga mutum ɗaya

Ginin ƙasa aikin rani ne, bayan an kawar da amfanin gona. A haƙo ƙasa, a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a tattake, a bar ta kwanaki ta jiƙu sosai. Sannan a mulmula tubali da hannu, gindi da faɗi, kai da tsini, a shanya a rana. Magini yana bisa katanga, yaransa suna jefa masa tubali da curin ƙasa daga ƙasa yana cafewa. Katangar kan yi kauri a gindi, tana sirancewa tana hawa. Kaurin nan ne ke hana zafin rana shiga da wuri, shi ya sa soron ƙasa yake da sanyi a bazara, da ɗumi a lokacin hunturu.

Rufi kuwa da azara ake yi, wadda ake faskarowa daga giginya, don gara ba ta cika cin ta ba. Amma azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in ɗaki ya yi faɗi da yawa. Dabarar da magina suka yi ita ce bakan gizo: a dasa azara a jikin bango, a ɗaura wata a kanta da igiya tana ɗan leƙowa gaba, a sake ɗaura wata, daga wannan bango da wancan, har su haɗu a tsakiya, a lulluɓe da ƙasa. Da wannan ake samun ɗaki mai faɗi da tulluwa a sama ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba.

Abin lura shi ne yawan hannuwan da ke cikin gida guda. Makubar da ake yaɓe da ita don kare bango daga ruwa, daga ɓawon ɗorawa ake samun ta. Laso kuwa sai an haɗa katsi daga marina da gashi daga majema da dafara daga daji. Ke nan magini yana bukatar marini, yana bukatar majemi, yana bukatar mai jaki da zai yi jigilar ƙasa, da maƙerin da zai yi ƙusa da ƙyaure. Kuɗin gini a cikin gari yake zagayawa. A ƙauye kuma gayya ake kira, a dama fura ko kunu, samari su taru. Masu iya magana da suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, abin da suka gani da idonsu suka faɗa.

Sana'ar tana da shugabanci, akwai Sarkin Magina a fada, tana kuma da gwanaye da aka san sunansu. Babban Gwani Muhammadu Durugu shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a ƙarni na 19, kuma har yau masana gine-gine na zuwa kallon bakan gizonsa. A ƙasar Nijar, a garin Yama na jihar Tawa, wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a a 1962. Mutanen gari ne suka yi aikin tare da shi, wasu na yin tubali, wasu na ɗebo ruwa, wasu na kawo itace. Daga baya aka faɗaɗa shi, aka ƙara masa tulluwa da hasumiyoyi huɗu, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 masallacin ya sami lambar yabo ta Aga Khan ta gine-gine. Mutumin da ya ɗauki ƙasa a kansa aka gina masallaci, ba sai an roƙe shi ya zo gyara ba in bango ya tsage.

Abin da ya canza

Gaskiya ɗaya ce, ginin ƙasa yana da nasa wahala. Kowace shekara sai an yi yaɓe kafin damina, in aka yi sakaci soro ya yi yoyo, katanga ta jiƙe ta faɗi, wani lokaci har da asarar rai. Tagogin dā ƙanana ne, hayaƙi da duhu suna damun mata a ɗakin girki. A gidaje da yawa masai ya yi kusa da rijiya. Giginya ma ta yi ƙaranci. Wanda ya koma bulo da kwano ba wauta ya yi ba.

Kuskuren shi ne da aka yar da ƙasa sai aka haɗa har da tsarin. Je ka sabuwar unguwa a kowane babban gari ka gani. Katanga doguwa, an kafa mata fasassun kwalabe ko waya mai ƙaya, ƙaton get na ƙarfe, ba dakali, ba bishiya. Mai sallama sai dai ya bubbuga ƙarfe ko ya kira waya. In an buɗe masa kuma, ba wurin da za a ajiye shi sai falo, a tsakiyar iyali, don haka ba kowa ake buɗe wa ba. Mutum ya shekara biyar bai san sunan wanda suke haɗa katanga da shi ba. Ana cewa don tsaro ne, kuma tsoron ɓarayi ba ƙarya ba ne. Sai dai ɓarawon da ya riga ya haura doguwar katanga ya sami sutura, ba mai ganinsa daga waje, alhali a lungun da dattawa ke zaune a bakin ƙofa baƙuwar fuska ba ta wucewa ba a tambaye ta wurin wa ta zo ba.

Haka kududdufai. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, su ne kuma ke shanye ruwan sama in an yi mamako. Suna tara sauro, yara na faɗawa, wannan gaskiya ne, gyara suke bukata. Amma da aka bi su ana cikewa da shara ana yanka filaye, ba a yi wa ruwan wata hanya ba, sai ya koma cikin ɗakunan mutane.

Abin da aka yi a Dandaji

A garin Dandaji, shi ma a jihar Tawa, tsohon masallacin Juma'a na ƙasa, wanda Falke Barmu ya gina, ya lalace, ya kuma yi wa jama'a kaɗan. Masu zanen gini biyu mata, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka kawo shawarar kada a rushe shi. Aka gyara shi aka mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci babba a kusa, aka bar fili da shuke-shuke a tsakaninsu. An kammala a 2018. Bulon da aka yi aiki da shi na jar ƙasar yankin ne, wadda ake matsewa da inji, kuma an sa maginan gargajiya cikin aikin, suka koyar suka kuma koya. Yaron da ya fito salla yana iya tsallakawa ya ɗauki littafi, mata ma sun sami wurin haɗuwa da karatu. A garin dai, Mariam Kamara ta tsara kasuwa a gewayen tsohuwar bishiyar da ake cin kasuwar mako a ƙarƙashinta, da rumfunan ƙarfe masu launi don inuwa, aka bar gindin bishiyar ya zama wurin zama.

Ga mai shirin gini

Wanda ya sayi fili ƙafa 50 da 100 yana iya ja da katangarsa baya kaɗan ya zuba dakali, ya dasa darbejiya ɗaya a gabansa. Bulon da zai ci bai kai na ɗaki guda ba. Ya ce wa mai zane ya fitar masa da zaure mai ƙofa ta waje da 'yar makewayi, ko da ƙarami ne, dabam da falon iyali. Ya bar tsakar gida a buɗe maimakon rufe filin duka da kwano, don iska da shanya da wasan yara, tagogi kuma su kalli juna yadda iska za ta ratsa. In akwai tsohon magini a garin, a kira shi ya duba zanen, domin ya san inda ruwa ke bi da inda rana ke dukan bango fiye da wanda ya zana daga ofis.

Sauran aikin na jama'a ne. A duk sabon yankan filaye akan ware wurin makaranta da masallaci da kasuwa da filin wasa, kuma sau da yawa waɗannan ne ake bi daga baya a yanka a sayar, tun unguwa ba ta cika ba. Mazauna farko su haɗu da mai unguwa su je ofishin tsara gari su nemi kwafin taswirar unguwarsu, su san wane fili aka ware wa me. In sun gano shi su kewaye shi da itatuwa, su fara amfani da shi, ko da sallar Idi ce ko ƙwallon yara, su kuma ajiye kwafin taswirar a hannun mutum fiye da ɗaya.